Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: abin da na gani na tallafin noma a Amurka

Shekara biyu na yi a jihar Ayowa ina karatu, kuma har na baro ta ban saba da yawan masarar nan ba. Sai ka hau mota ka yi awa uku kana sharara gudu, hagu masara, dama waken suya, sai can ka hango gida ƙwaya ɗaya da rumbunan ƙarfe suna ƙyalli a rana. A kakar 2019 wani abokin karatuna ya kai ni wajen kawunsa, wani dattijo da ya haura sittin, manomi ɗan manomi. Na riƙa zuwa ranar Asabar ina taya shi 'yan aikace-aikace, shi kuma yana jure wa tambayoyina, waɗanda ba su da iyaka.

Kafin na san shi, lissafina a kan tallafin noma gajere ne. Gwamnati mai kuɗi tana ba manomanta kuɗi, manoman suna jin daɗi, shi ke nan. Wata takarda da ya miƙo mini a teburin kicin ɗinsa ce ta rikita mini wannan lissafin.

Shekarar ta zo musu da wuya ta ko'ina. Ruwa ya yi yawa a lokacin shuka, har eka kusan miliyan 20 a faɗin ƙasar ba a samu an shuka su ba. Ga kuma rikicin haraji da ƙasar Sin, wadda tun 2018 ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan waken suyan Amurka, alhali ita ce babbar mai saye. Farashi ya faɗi. Gwamnatin Trump ta fito da kuɗin rage raɗaɗi, wanda a shekara biyu ya kai kusan dala biliyan 23. A 2019 an biya shi ne bisa yawan eka, kowace ƙaramar hukuma da nata farashin, daga dala 15 har zuwa dala 150 a kan eka guda. Dattijon ya samu rabonsa. Na ce masa to ai an share maka hawaye.

Bai ce komai ba. Ya tashi ya ɗauko wata wasiƙa daga saman firji ya ajiye a gabana, ya koma yana juya kofinsa.

Ashe cikin eka dubu ɗaya da 'yan kai da yake nomawa, ɗari uku kacal ne nasa. Sauran duk haya ne. Wasiƙar daga ɗaya daga cikin masu gonakin take, wani magaji da ke zaune a can kudu inda babu sanyi, wanda rabonsa da taka gonar tun jana'izar mahaifinsa. Cikin ladabi ya rubuta ta. Ya yi gaisuwa, ya yi jajen ruwan da aka sha, sannan ya ce ya ga gwamnati ta taimaka bana, don haka yana ganin ya dace a ɗan duba kuɗin hayar baɗi. A ƙa'idar jihar, wanda zai soke yarjejeniyar hayar gona sai ya ba da sanarwa kafin 1 ga Satumba ta wuce, in ba haka ba ta zarce a yadda take. Wasiƙar kuwa a tsakiyar Agusta ta iso. Mutumin ya san kwanan wata.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ta yaya ya san nawa aka ba ka?”

Ya ce, “Yaro, kai ma za ka iya sani. Ɗauko wayarka.”

Akwai wata ƙungiya mai suna Environmental Working Group da ke tattara bayanan kuɗin da ma'aikatar noma ta biya tun daga 1995, ta zuba su a intanet. Na rubuta sunansa, sai ga shi, shekara bayan shekara. Ya leƙo ya duba, ya yi 'yar dariya. Ya ce, “Ka gani? Sunana ne a jiki. In an tashi zagin masu cin kuɗin gwamnati, ni za a zaga. Shi sunansa ba ya ko'ina.”

A ranar na fara fahimtar abin da malamanmu suka yi ta nanatawa a aji ban ɗauka ba. Kuɗin tallafi ƙasa yake bi. Duk hanyar da aka biyo da shi, in dai bisa eka aka auna shi, ƙarshensa ya gangara wajen mai ƙasa, ko ta kuɗin haya, ko ta farashin gonar ranar da za a sayar. Kuma ba ƙaramin abu ba ne, don kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar noma a Amurka haya ake yi, a Ayowa ma ya haura rabi.

Abin ya samo asali ne daga 1933. Lokacin tattalin arzikin duniya ya durƙushe, hatsi ya yi arha har wasu manoma suna ƙona masara don jin ɗumi, tunda ta fi gawayi sauƙi. Roosevelt ya hau mulki, shi da sakatarensa na noma Henry Wallace suka kawo dokar da za a biya manomi ya rage noma, don kaya su yi ƙaranci farashi ya ɗaga. A shekarar aka bi audugar da ta riga ta fito, kusan eka miliyan 10, aka kife ta da garma. Aka yanka 'ya'yan aladu kusan miliyan 6. Duk wannan a ƙasar da mutane ke bin layin abinci. Kotun Ƙoli ta soke dokar a 1936, Majalisa ta sake ɗinka wata a 1938, tun daga nan kuma ba a sake rabuwa da abin ba. Maganin gaggawa ne aka kawo, ga shi ya shekara casa'in ana sha.

Tun a wancan karon farkon aka ga inda ruwan yake gangarawa. A jihohin auduga na kudu, mai gona ake ba cek, da sharaɗin ya raba da masu noma masa a kan kaso, waɗanda da yawansu baƙaƙen fata ne. Da yawa daga masu gonakin suka ga ai tunda an ce a rage noma, hannun ma ya yi yawa. Suka riƙe kuɗin, suka sallami mutanen, wasu suka sayi tarakta da shi. An tallafi gona, an kori manomi.

Yau salon ya sauya, amma jijiyar tana nan. Kusan duk bayan shekara biyar Majalisa kan yi babbar dokar noma. Ta 2018 an ƙiyasta za ta ci dala biliyan 867 a shekara goma, sai dai kusan kashi uku cikin huɗu na wannan kuɗin tallafin abinci ne ga masu ƙaramin ƙarfi, bai shafi gona ba. An ƙulla su wuri ɗaya ne da gangan, don ɗan majalisar birni ya zaɓi kason manoma, na karkara ya zaɓi kason talakan birni. Ba ni gishiri in ba ka manda. Abin da ya rage shi ne na manoma, kuma mafi tsokarsa yana tafiya ne ga amfanin gona biyar: masara, waken suya, alkama, auduga da shinkafa. Mai noman latas ko tuffa kallo ne nasa a yawancin wannan rabon. Cikin gonaki kusan miliyan biyu da ke ƙasar, waɗanda ke karɓar kuɗi kai tsaye ba su kai rabi ba.

Dattijon ne ya zauna ya warware mini yadda ake lissafin ɗaya daga cikin shirye-shiryen, a bayan ambulan ɗin wasiƙar nan. Doka ta yanke wa kowane amfani farashin da ba a so a faɗo ƙasa da shi. A lokacin, masara dala 3.70 ce a kan awonsu na bushel, wanda ya kai kilo 25 da ɗan ɗoriya, alkama 5.50, waken suya 8.40. A ce matsakaicin farashin shekara ya sauko zuwa 3.40. Giɓin santi 30 ke nan. Sai a ninka shi da yawan amfanin da aka rubuta wa gonar a kundi, a ce bushel 150 a eka, sannan a ninka da kashi 85 cikin ɗari na ekar da ke rubuce. Gona mai eka 100 za ta tashi da dala 3,825.

Na ce to in bana ba ka shuka masara a wurin ba fa?

Ya ce ko ciyawar dabbobi ya shuka, kuɗin na nan. Ana biya ne bisa tarihin gonar, abin da aka noma a cikinta shekarun baya, wasu ma tun shekarun 1980. Hikimar ita ce kada manomi ya riƙa shuka abu don neman tallafi kawai, kasuwa ta cika ta batse. Hikima ce mai kyau, ban musa ba. Amma duba abin da ta haifar. Haƙƙin karɓar kuɗin ya zama wani abu da ke manne da filin, kamar rijiya ko hanyar mota. In za a sayar da gona, ana faɗin yawan ekarta ta kundi a cikin talla. Mai saye ya biya kuɗin tallafin shekaru masu zuwa tun yau, ga wanda ya sayar, wanda shi kuma ya tattara ya bar noma.

Sai inshora, wadda a yanzu ita ce uwa. Kamfanoni masu zaman kansu ke sayar da ita, gwamnati na biyan kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin da manomi zai zuba. Yawancinta ba asarar amfani kaɗai take rufewa ba, har da faɗuwar farashi. Wannan kam dattijon bai yarda a taɓa masa ita ba. Ya ce ba bankin da zai ba shi bashin iri da taki in bai nuna takardar inshora ba. Ita kuma ba ta da iyaka: mai eka dubu ashirin ana biya masa kashi sittin ɗinsa kamar yadda ake biya wa mai ɗari biyu.

Sauran shirye-shiryen suna da iyaka, aƙalla a takarda. A dokar 2018, mutum ɗaya ba zai wuce dala 125,000 a shekara ba. Amma “mutum ɗaya” magana ce mai faɗi. Miji da mata biyu ne. In gonar haɗin gwiwar dangi ce, kowane ɗan gida da aka ce yana da hannu a gudanar da ita yana da nasa kason, ko da hannun nasa bai wuce shiga taron waya ba. Dokar ta 2018 ma ta faɗaɗa ma'anar dangi ta haɗa da 'ya'yan 'yan'uwa da 'ya'yan kawu da na inna. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga a lissafin ƙungiyar nan cewa kashi goma cikin ɗari na masu karɓa sun kwashe kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin. Kashin dankali sosai. Kuma babba in ya karɓa, ba ajiyewa yake yi ba. Gonar maƙwabci yake tayawa da shi.

Masu kiwo nasu labarin daban ne, kuma sun fi kowa ƙin a ce suna karɓar tallafi. Na taɓa zama kusa da wani mai garke daga yammacin ƙasar a wani taro, da babbar malafarsa a kan gwiwa. Da na ambaci kalmar sai fuskarsa ta canza. Ya ce su ba wanda ya yanke wa naman sa farashi, kasuwa ce ke yi musu hukunci, masu masara ne 'yan gatan gwamnati. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Amma a jihohin yamma gwamnatin tarayya ce ke da filaye masu ɗimbin yawa, kuma tun dokar kiwo ta 1934 ake ba makiyaya lasisin kiwo a cikinsu. Shekaru da dama kuɗin ya tsaya a kan dala 1.35 a wata a kan saniya da ɗan maraƙinta, ko tumaki biyar, wanda shi ne mafi ƙarancin da aka yarda a karɓa tun 1986. A filin mai zaman kansa, kiwon wata guda ya haura dala 20. Da na faɗa masa haka, ya ce in je in ga filin tukuna: duwatsu da ƙaya, shi zai yi shinge, shi zai kai ruwa, shanu su bazu sai ya kwana biyu a kan doki yana nemansu. Wannan ma gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba, lasisin yana tafiya ne tare da gandun, kuma gandun da ke da lasisi ya fi wanda ba shi da shi tsada nesa ba kusa ba. In da lasisin ba shi da riba, ba wanda zai biya ƙari a kansa. Ban da wannan, in fari ya kai wani mataki a taswirar fari ta ƙasa ana biyansu kuɗin abincin dabbobi, in kuma ƙanƙara ko gobarar daji ta kashe dabba fiye da mutuwar da aka saba, ana biyan kashi 75 na farashinta. Ban ga laifin wannan na ƙarshen ba ko kaɗan. Sunan ne dai ba ya so.

Turai ma haka take. Tsarin noma na bai-ɗaya da suka fara a 1962 ya taɓa tara musu man shanu da giya da ba su san yadda za su yi da su ba, har suka koma biya bisa hekta. Yanzu yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar Turai, kuma kusan kashi 80 na kuɗin yana shiga hannun kashi 20 na masu karɓa.

Akwai kuma waɗanda ke biyan farashin abin ba tare da an tambaye su ba. A 2002 Barazil ta kai Amurka ƙara gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, cewa tallafin auduga yana karya farashi a kasuwar duniya. A 2003 Benin da Burkina Faso da Chadi da Mali suka kai irin wannan kukan taron ƙungiyar a birnin Kankun na ƙasar Meziko. Barazil ta yi nasara. To me aka yi? Maimakon a yanke tallafin nan take, daga 2010 Amurka ta riƙa biyan Barazil dala miliyan 147 da ɗoriya a shekara, a 2014 ta ba da miliyan 300 aka rufe maganar. Wato mai biyan haraji a Amurka ya tallafi manoman audugarsa, sannan ya tallafi na Barazil don a bar shi ya ci gaba da tallafa wa nasa. Ƙasashe huɗun nan, da ba su shigar da ƙara ba, ba a biya su komai kai tsaye a wannan sulhun ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci.

Da na gama harhaɗa waɗannan a kaina, na koma wa dattijon da zafina, irin na ɗalibin da ya karanta littafi biyu. Muna cikin injin girbi, shi yana tuƙi, ni ina kan 'yar kujerar gefe, masara tana kwarara cikin tanki a bayan kawunanmu. Na ce ai Niyu Zilan ta yi maganin abin. A 1984 ta soke kusan duk tallafinta cikin ɗan lokaci. Kafin nan an yi ta ƙarfafa yawan tumaki har suka kai miliyan 70 a 1982, ana kiwonsu a tsaunukan da bai kamata a taɓa ba. Bayan sokewar aka sha wuya, farashin gonaki ya faɗi, amma waɗanda suka rasa gonakinsu ba su kai yadda aka yi tsoro ba, kuma yau ƙasar tana cikin manyan masu fitar da madara a duniya. Me zai hana ku?

Ya bari sai da muka kai ƙarshen kunya ya juya injin. Sannan ya ce, “Ka san 1985?”

Na san ta a littafi. Tsakanin 1981 da 1986 farashin gona a Ayowa ya faɗi da fiye da kashi 60 cikin ɗari. Kuɗin ruwa ya yi sama, kasuwar waje ta ja baya, bankunan karkara suka riƙa rufewa.

Ya nuna mini wani wuri da haɓarsa, inda bishiyoyi suka yi layi amma babu gida a tsakiyarsu. Ya ce nan gidan abokinsa yake, tare suka yi makaranta. Ya sayi gona da bashi lokacin da take tsada, da farashi ya karye banki ya ce jinginar ba ta kai bashin ba. Ya ce yana tsaye a wajen gwanjon, ya ga an ɗaga har akwatin kayan aikin mutumin ana neman mai taya. Maƙwabta suka sunkuyar da kai, ba mai son ya fara. Ya ce, “Yanzu ka cire tallafin nan gobe. Mai wasiƙar can, gadonsa ne, ba ya bin kowa ba a binsa, kuɗin hayarsa ne zai ɗan ragu. Yaron da ya ci bashi bara ya sayi eka tamanin a farashin yau, shi za a yi wa gwanjo.”

Ban da amsa a lokacin, kuma har yanzu wadda nake da ita ba cikakkiya ba ce. Wanda ya ci ribar tallafin tuni ya sayar ya tafi, ko yana can yana jiran haya. Wanda ke kan tarakta ya riga ya biya kuɗinsa a cikin farashin ƙasa, don haka in an cire shi aka cuta, in an bari kuma ƙasa ta ƙara tsada, ɗan da ke son fara noma ya ƙara nisa da ita. Ni dai a ganina noma yana buƙatar majingina, don babu wata sana'a da mutum zai zuba dukiyarsa a ƙasa a watan Afrilu ya zauna jiran sama da kasuwa har Oktoba. Inshorar bala'i, da kuɗin da ake ba mutum ya bar ƙasa mai zaizayewa ta huta shekara goma zuwa sha biyar, kamar yadda suke yi tun 1985, waɗannan zan iya kare su a gaban kowa. Abin da na kasa karewa shi ne kuɗin da ke ƙaruwa da yawan eka ba tare da rufi na gaskiya ba, a kuma ce don ƙaramin manomi ake yi. A 2020, da annoba ta zo, kuɗin da gwamnati ta biya kai tsaye ya kai kusan dala biliyan 45, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ribar noma ta ƙasar gaba ɗaya, kuma ma'aunin rabon bai sauya ba.

Asabar ta ƙarshe da na je, an gama girbi, filin ya zama kara da ƙura, iska mai sanyi tana shiga har ƙashi. Na tambaye shi yadda suka ƙare da mai wasiƙa. Ya ce sun raba bambancin, ya sa hannu. In bai sa ba, akwai mutum uku a kan hanyar nan da za su karɓi gonar kafin faɗuwar rana, kuma injin girbin da ya ci bashi ya saya ba zai biya kansa a kan eka ɗari uku ba.

Muna tsaye jikin motarsa ya ce saura shekara huɗu ko biyar ya ajiye. 'Ya'yansa duk suna birni, ba mai dawowa. Na ce to gonar fa, za ka sayar? Ya ce Allah ya kiyaye, haya zai bayar, akwai wani yaro mai ƙoƙari a gaba da su da ya daɗe yana zawarcinta. Ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya, ya juyo.

“Wannan shafin da na sa ka buɗe rannan,” ya ce, “rubuta mini sunansa a takarda kafin ka tafi. Jikata ce ta saba nemo mini shi.”